Yadda nake renon ɗaɗɗoya daga iri a cikin ɗaki

Gwangwani 9 na shuka a karon farko, kuma ko tsiro ɗaya bai kai ranar dashe ba. Sun fito gwanin sha'awa, kore shar, har ina kiran maƙwabta su leƙo. Kwana 12 da shuka na tashi da asuba na tarar rabinsu sun kwanta, kafin Juma'a ta zagayo sauran sun bi su. Da na je gaida surukata na tafi mata da gwangwani ɗaya. Inna ta tura yatsa cikin ƙasar, ta zaro shi jagab, ta ce, "Ke 'yar nan, shuka kika yi ko jiƙo?" Sai ta tambayi inda nake ajiye su. Na ce a bayan gado, don kada yara su taɓa. Ba ta ƙara cewa komai ba, dariya kawai ta yi ta yi.

Abu biyu suka kashe mini su, ruwa ya yi yawa, haske ya yi kaɗan. Duk abin da zan faɗa miki a nan, in kika bi shi da kyau, a kan waɗannan biyun yake dawowa.

Mu fara da wace ɗaɗɗoya ake magana, don sunan yana ɗaukar fiye da ɗaya. Akwai babbar, mai faffaɗan ganye mai ɗan kaushi, wadda kan yi tsawon mutum a bayan ɗaki ta shekara tana nan. Ita ce Yarbawa ke kira efirin, ake zubawa a farfesu. Akwai kuma ƙaramar mai laushin ganye, wadda wasu ke ce wa kafi-amarya-ƙamshi. Danginta ne Turawa ke kira basil, mutanen Italiya suna daka ganyenta da mai da tafarnuwa su ci da taliya. Dukkansu dangin na'a-na'a ne. Ki murza karan a yatsa za ki ji yana da kusurwa 4, ganyen kuma bibbiyu yake fita, wannan na kallon wannan. Ni ƙaramar na fi reno, ita ce kuma mai shagwaɓa. In kin iya da ita, babbar ba za ta ba ki wahala ba, sai dai irinta ya fi jinkirin fitowa.

Me ya kai mutum shuka a ɗaki alhali ga tsakar gida? Wanda ya san gidan ƙauye ba zai yi wannan tambaya ba. Muna ƙauye ne a yankin Kura, maigidana Malam manomin rani ne, da ruwan Tiga yake noman tumatir da albasa. Shi yana da fili a lambu da yake renon irinsa. Ni kuwa filina shi ne tsakar gidan da kaji 14 da awaki 3 suke mulki. Ƙwayar ɗaɗɗoya ba ta kai ta riɗi ba, tururuwa ma ɗauke ta take yi. Ga sanyi. A Disamba da Janairu daren nan namu kan sauka kusan digiri 12, wani lokaci ƙasa da haka, ita kuwa shukar zafi ce, irin ya fi son ɗumin digiri 21 zuwa 29 kafin ya tsaga, ganyen kuma yana baƙi in sanyi ya gangara ƙasa da 10. Shi ya sa nake shuka a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu a cikin ɗaki, in fitar da su kafin zafin Afrilu ya kankama. Karo na biyu kuma cikin Mayu, don dashe ya haɗu da saukar damina.

In kina da zaɓi, ɗakin ƙasa ya fi ɗakin kwano. Bangon ƙasa yana shan zafin rana ya riƙe shi har dare. Kwano kuwa da rana tanda ne, da asuba kamar an buɗe ki a fili.

Abin shuka ba sai kin saya ba. Gwangwanin madara, na tumatir, tsohuwar robar da ta tsage, gindin jarka, ledar ruwan sha da aka yanke bakinta, duk suna yi. Sharaɗi ɗaya ne: zurfin ya kai tsawon yatsa, gindin kuma ya zama a huje. Ki ɗora ƙusa ki buga wuri 4 ko 5. Gwangwanayena na farko huda ɗaya tal na yi musu, ƙasa ta toshe ta tun ranar farko. Yanzu nakan sa 'yan gutsattsarin gawayi ko tsingaro a gindi kafin in zuba ƙasa. In gwangwanin ya taɓa ɗaukar shukar da ta mutu, ki wanke shi da sabulu ki shanya a rana yini guda.

Ƙasa ita ce inda na fi ɓata lokaci. Kada ki ɗebo laka ta fadama, don in ta jiƙe ta yi kamar tuwo, in ta bushe ta yi ɓawo, tsiron da bai kai kaurin zare ba ba zai iya fasa ta ba. Ga yadda nake haɗawa: kwano 2 na ƙasa mai yashi-yashi, irin ta jigawa, kwano 1 na tsohon takin awaki da ya shekara har ya koma gari, sai rabin kwano na ɓuntun shinkafa da aka babbaka ya yi baƙi. Mu nan ɓuntu ba abin nema ba ne, injinan casa a cike suke da shi. In ba ki da shi, ki ƙara yashi kaɗan. Ƙasar gindin gawo ma tana da kyau ƙwarai. In na haɗa sai in tankaɗe da tsohuwar rariya, in zubar da tsakuwa da karare.

Takin da bai ruɓe ba kada ya shiga ciki. Alamar wanda ya ruɓe, ba ya wari, ba ya ɗumi in kika tura hannu, kuma ba ki gane kashin akuya a cikinsa. Ɗanyen kashin kaji kuwa wuta ne, ƙone tsiro yake yi.

Daga nan sai abin da maƙwabciyata ke yi mini tsiya a kai, wai ina dafa wa ƙasa abinci. Nakan cika gwangwanayen, in bar kamar gaɓar yatsa ɗaya daga baki, in tafasa ruwa in kwarara a kai har ya fito ta gindi, in bar su su kwana su huce su tsane. Tafasasshen ruwan yana rage funfunar da ke cikin ƙasa da ƙwan ƙwari da irin ciyawa. Tun da na fara yin haka kwanciyar tsiro ta ragu mini sosai.

Irin kuwa, in daga gindin maƙwabta za ki samo, ki ɗebo zangarniyar furen da ta bushe ta koma ruwan ƙasa, ki murza a tafin hannu, baƙaƙen ƙwayoyi za su zubo. Akwai kuma na cikin takarda a shagunan masu sayar da iri a birni. Ki gwada jefa 'yan ƙwayoyi a ruwa ki gani: cikin 'yan mintuna kowace za ta yi riga mai yauƙi, fari-fari, kamar ƙwan kwaɗo. Mutane na ɗauka wannan ne shaidar irin yana da rai. Ba haka ba ne, mataccen iri ma yana yin yauƙin. Gwajin gaskiya shi ne ki ƙirga ƙwaya 10, ki shimfiɗa a jiƙaƙƙen ƙyalle, ki rufe a kwano a wuri mai ɗumi, ki duba bayan mako guda. In 7 ko 8 sun tsaga, irin na da kyau. In 2 ko 3 ne, ki nemi wani ko ki ƙara yawan abin da za ki zuba. Saboda wannan yauƙin ne ma ba a jiƙa irin kafin shuka. Dunƙulewa yake yi ya manne a yatsa, ki rasa yadda za ki raba shi.

Wajen shukar, ƙwaya 4 zuwa 5 sun ishi gwangwanin madara, a warwatse, ba a wuri ɗaya ba. Hannu yana son ya zuba da yawa, ki hana shi. Ki ɗora su a saman ƙasar mai danshi, ki ɗan danna da bayan cokali, sannan ki barbaɗa tankaɗaɗɗiyar ƙasa sama-sama kamar yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire. Kada rufin ya wuce rabin santimita. Wanda aka binne da zurfi kamar gyaɗa ba ya fitowa. Ki yayyafa ruwa, ki rufe bakin da farar leda ko faranti don danshin ya zauna, ki ajiye a wuri mafi ɗumi a ɗakin. Kullum da safe ki ɗaga murfin ki duba, ki kakkaɓe gumin da ya taru.

Tsakanin kwana 5 zuwa 10 za ki ga wani ɗan fari ya turo a lanƙwashe. Ranar da kika ga na farko, a ranar za ki cire murfin, ba gobe ba. Daga wannan rana aikin ya zama na haske.

A nan ne ɗakunanmu ke cin amanar mai reno. Tagar ɗakin ƙauye 'yar mitsitsiya ce, wata ma a toshe take da tsumma saboda ƙura. Idonki yana ganin ɗakin da haske, amma a wurin tsiro duhu ne. Ɗaɗɗoya tana son rana ta kai awa 6 a yini. In ba ta samu ba sai ta yi ta miƙa wuya wajen taga, karan ya yi tsawo ya sirance ya yi fari, 'yan kunnuwa biyu, wato ganyen farko, a can sama, iska kaɗan ta kayar da shi. Mai gani zai ce girma take yi, alhali yunwar rana ce. Tsiro mai lafiya gajere ne, kakkaura, ganyensa kusa da ƙasa.

A lokacin hunturu rana ta kudu take ratsawa, don haka tagar da ke kallon kudu ko gabas ita ce ta reno. Ki ɗora gwangwanayen dab da ita, ki riƙa juya su kullum don kada su karkace gefe guda. Ni dai tagata ba ta isa ba, shi ya sa na jera su a kan tsohon tire. Da hantsi, in sanyi ya sake, sai in fito da tiren in ɗora a kan turmin da na kifa a jikin bangon da ke tare iskar gabas. Kafin azahar in mayar da shi inuwar rumfa, da la'asar sakaliya ya koma ɗaki ya kwana. Wato ɗakin na kwana ne da fakewa, ba na wuni ba. Fitilar sola da muke kunnawa da dare kuwa ba ta maye gurbin rana, na gwada.

Duk lokacin da tiren ke waje, a rufe yake da yankin tsohon gidan sauro da na ɗaura a kan kwando. Ranar da na yi sakaci na shiga sallah ban rufe ba, wata kaza mai 'ya'ya ta yi mini kaca-kaca da gwangwani 3 kafin in sallame. Ƙadangare shi ma yana son kunnuwan nan masu taushi. Gyare kuma da dare yake aikinsa, ko a cikin ɗaki, shi ya sa ba na ajiye tiren a ƙasa.

Yanzu ruwa. Ba a ba ɗaɗɗoya ruwa don gari ya waye, ana ba ta ne don ƙasa ta nema. Ki tura yatsa zuwa gaɓar farko. In kin ji danshi, ki bar ta sai gobe. In ya fito a bushe, ki ba ta. Wata dabarar ita ce ɗaga gwangwanin, hannu yana saurin gane nauyin mai ruwa da na busasshe. Da iskar hunturu saman ƙasa kan yi fari fat cikin awa 2 alhali ciki a jiƙe yake, a nan ne mai tausayi ke yaudaruwa ta ƙara ruwa.

Kada ki kwarara da buta ko moɗa, zai tone irin ya kwantar da tsiron. Ki sami gorar ruwa ki huda murfin da allura mai zafi wuri 6 ko 7, ki riƙa matsawa a gefen gwangwani. Abin da ya fi wannan ma, ki zuba ruwa a faranti mai zurfi, ki tsayar da gwangwanayen ciki minti 10 zuwa 15, ƙasa ta sha ta gindi, sannan ki cire su su tsane. Kada su kwana a cikin ruwan. Da safe ake bayarwa, don kada dare ya same su a jiƙe ga sanyi. Ruwan randa na asubar hunturu yana da sanyi ƙwarai, ki ɗiba ki ajiye a rana ya saki. Ruwan wanke-wanke mai sabulu ko gishiri kuwa ki kai shi wani wuri.

Ciwon da ya kashe nawa na farko ya kamata ki san kamanninsa. Ki durƙusa ki dubi karan daidai inda ya haɗu da ƙasa. Za ki ga wurin ya tsuke kamar an ɗaure shi da zare, ya yi ruwa-ruwa, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, tsiron ya faɗi alhali kunnuwansa kore ne. Funfuna ce da ke cikin ƙasa, kuma abin da take so shi ne laima da sanyi da cunkoso da ɗakin da iska ba ta ratsawa. Wanda ya kwanta ya tafi, babu abin da zai tashe shi. Ki tsame shi tare da ƙasar da ke kewaye da shi, ki ware gwangwanin daga sauran, ki ɗaga ƙafa da ruwa, ki ƙara musu rana da iska. Nakan barbaɗa busasshen yashi kaɗan a saman sauran don wuyan karan ya zauna a bushe. In kuwa kin ga an datse karan tsaf, kan ya ɓace, wannan ba ciwo ba ne, gyare ne ko ƙadangare.

Kunnuwan farko guda biyu ba ganyen gaskiya ba ne, guzurin da tsiron ya fito da shi ne daga cikin ƙwaya. Ganyen gaskiya daga tsakiyarsu yake fitowa, shi ne mai ƙamshin. Da zarar ya bayyana sai cira, kamar dai yadda ake yi wa gero. Ki bar 1, ko 2 in gwangwanin babba ne, mafi gajarta da kauri, ba mafi tsawo ba. Sauran ki datse su da farce daga gindi maimakon tugewa, don saiwoyinsu a sarƙe suke. Autata kullum sai ta yi mini magiya in bar su duka. Na taɓa biye mata a gwangwani ɗaya, tsiro 5 suka tashi kamar tsintsiya, babu na kirki ko ɗaya.

Abinci ba sa buƙata sai sun yi ganyen gaskiya jeri 2. Nakan ƙulle tsohon taki cikin hannu ɗaya a tsumma, in jefa a bokitin ruwa kwana 2 ko 3, sannan in sirka har ya yi launin shayin da bai ji ganye ba, in ba su sau ɗaya a mako 2. Na taɓa ɗebo takin zamani daga buhun Malam na jefa ƙwaya 3 a kowane gwangwani, washegari gefen ganyen ya ƙone. Garin neman ƙiba na samo rama. In ganyen ƙasa ya fara rawaya, ki fara duba ruwa kafin ki ce yunwa ce, sau da yawa saiwar ce ta shaƙe.

Ki riƙa juya ganye kina duba bayansa. Akwai 'yan ƙananan ƙwari masu taruwa a toho su tsotse shi har ya nannaɗe. In kaɗan ne ki murje su da yatsa. In sun yi yawa ki daka ganyen darbejiya, ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma. Ba na kai maganin feshin lambu kusa da ganyen da zan jefa a shayi.

Mako 4 zuwa 6 da shuka, in sun yi ganye jeri 3, dashe ya zo. Wadda ta saba fitar da su kullum ta riga ta yi rabin aikin. Wadda tata ke zaune a taga kuwa, sai ta ɗauki mako guda tana saba musu da waje, yau awa 1, gobe 2, a haka har su wuni su kwana. In kika fitar da su kai tsaye cikin ranar Maris, ganyen zai yi fari ya babbake a yini ɗaya. Da la'asar ake dashe. Ki ba su ruwa tun da rana, ki kifa gwangwanin a tafin hannu da karan tsakanin yatsu, ki bubbuga gindi, ƙasar ta fito a dunƙule. Leda kuwa tsaga ta kawai za ki yi. Tazarar taƙi ɗaya da rabi tsakanin gindi da gindi, kamar santimita 30. Babbar ɗaɗɗoya tana son kamu 2. Ki shayar sosai, ki kifa musu kwando da rana har kwana 3. Ni a tsofaffin bokitai da fasasshiyar randa nake dasa nawa, a kan bulo, a bayan madafa inda ranar safe ke samu, inuwa kuma ta rufe bayan azahar. Da marka ta zauna a Agusta nakan ja su ƙarƙashin rumfa.

Saura abin da hannu ke ƙin yi. In tsawon ya kai taƙi guda ko kusa, ki datse kan, daidai saman wani jerin ganye. Ki duba hammatar ganyen nan biyu, akwai 'yan toho a ɓoye, su ne za su zama rassa biyu. Su ma in sun yi jeri 3 ki datse su, biyu su zama 4. Haka gindi ɗaya ke cika bokiti. Ranar da Inna ta gan ni ina yi ta ce, "Kin sha wahalar renonta kuma kina fille mata kai?" Na ce, "Inna, a ba ni mako 3." Da lokacin ya cika ita ta aiko jikanta a tsinko mata na farfesu. Tsinkar ma haka ake yi, daga sama, ba a zage ganyen ƙasa a bar sanda tsirara, kuma kada a ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin 3 a lokaci guda.

Da kin ga kan ya fara tsini zai yi fure, ki cire, don in ta yi fure ganye ya ja baya, ɗanɗanon ma ya canja. Gindi 1 ko 2 kawai nake bari su yi fure don iri. In zangarniyar ta bushe sai in yanke, in sa a kwano in rufe da mayafi mai shara-shara ta ƙarasa bushewa a inuwa, in murje. Kowane ɗan kofi na furen ƙwaya 4 yake riƙewa. Wajen bakace ki yi a hankali, a cikin ɗaki, don iskar da za ta ɗauke ƙaiƙayin ita ce za ta tafi da irin. Nawa yana cikin kwalbar turaren da na wanke ta bushe, na liƙa takarda na rubuta wata da shekara, tana cikin kwalla nesa da hayaƙin madafa.